Mukullin Ruwa a Aljihun Kawu

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi ake mai da mu ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, mutumin da ya yi shekaru yana raba mana ruwan dam a lambunan garinmu, ya rasu ranar Lahadi da hantsi bayan zazzaɓin kwana biyu. Tsakiyar bazara ce, albasa saura 'yan makonni a cire ta. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Jama'a kam ta zo. An zo daga Sandamu, an zo daga Dutsi, dillalan albasa na Daura suka ciko mota guda. Liman ya ce tun da yake bai taɓa sasanta rigimar ruwa ba, domin Kawu bai taɓa bari ta iso zaurensa ba. Wani dillali ya ba da labarin yadda ya taɓa miƙa masa goro a ranar rabon ruwa, Kawu ya ce ya riƙe abinsa sai gobe, yau bakinsa ba ya son goro. Aka yi 'yar dariya, aka share ƙwalla. Maƙwabcina na lambu kuwa, bayan ya shafa addu'a, sai ya karkato ya ce mini a hankali, "Allah Ya jiƙansa, amma fa bana ya matse mu." Ni ma na sha faɗin haka, kuma ni ba a hankali nake faɗa ba.

Mutum ɗaya ne bai zo zama ba. Wani tsoho ne baƙo, mutumin tsallaken iyaka ta wajen Babban Mutum, wanda yake noma gonar aro kusa da ta Kawu. Baban Wutsiya muke ce masa, saboda gonarsa tana can ƙarshen magudanar ruwa. An gan shi a maƙabarta, ya sa hannu an rufe kabari, daga nan ya ɓace. Ranar farko aka yi masa uzuri. Rana ta biyu aka fara ƙus-ƙus. Rana ta uku ni da bakina na ce a gaban mutane, "Tsohon nan ba shi da kara. Ba don Kawu ba, da ko ɗigon ruwa ba zai gani ba a garin nan." Ina wannan rubutu ne don kada a manta da Kawu, kuma don in janye waccan magana a gaban waɗanda suka ji ta.

Ga wanda bai san garinmu ba, dam ɗinmu ƙarami ne, ruwan damina yake tarawa, da shi muke noman rani. Ƙofa ɗaya gare shi ta ƙarfe, ana murɗa ta ruwa ya bi magudana ya ratsa lambuna. Masu gona kusa da ƙofar su ne 'yan kai, na can ƙarshe kuma 'yan wutsiya. Ƙasar kai laka ce, tana riƙe ruwa. Ƙasar wutsiya rairayi ce, kana zuba mata tana shanyewa. In 'yan kai suka buɗe bakin fangalinsu suka sha son ransu, abin da zai isa wutsiya bai fi na wanke ƙafa ba. Mu duka kuwa albasar nan ce abincinmu, tun da geron damina ya daina kai mu ko rabin shekara.

Kawu yana da wata gora da ta fi shi tsawo. Kullum da safe sai ya naɗe wando ya shiga gefen dam, ya dasa gindinta a kan wani faffaɗan dutse da ke cikin ruwa, ya duba inda ruwa ya tsaya. Duk farkon bazara yakan sa wuƙa ya yi tsaga a daidai wurin. Muna yara tsagar tana wajen ƙirjinsa. Shekara bayan shekara ta yi ta gangarowa kamar matakan tsani, har ta wuce gwiwa. Ba ya wa'azi a kanta. In ka tambaye shi yaya ruwa, sai ya miƙo maka gorar ya ce, "Ga ta nan, karanta." Mukan yi masa tsiya mu ce ya fi son gorar nan da mutane, shi kuma ya ce ai ita ba ta taɓa zuwa ta ce masa gonarta ta fi ta kowa bushewa ba.

Wata ɗabi'arsa da ta sha kunyata manya ita ce dunƙula ƙasa. Mutum zai zo yana rantsuwa albasarsa ta kusa mutuwa, ga saman ƙasa ya yi fari fat har ya tsage. Kawu ba zai yi musu ba. Zai bi ka har gonar, ya durƙusa, ya tona da yatsu har wuyan hannu, ya ɗebo ƙasa ya matse. In ta wargaje, ya ba ka ruwa ko da kai maƙiyinsa ne. In ta dunƙule, sai ya ɗora maka ita a tafin hannu ya ce, "Ba ta jin ƙishirwa, kai ne kake ji. Je gida ka sha." Ya yi wa mai gari haka, ya yi wa surukinsa, kuma babu wanda ya taɓa iya jayayya da curin ƙasa a hannunsa.

Amma abin da ya sa aka yarda da shi ya girmi wannan. Lokacin da mai gari ya ɗora masa rabon ruwa, gonar Kawu ita ce ta biyu daga ƙofa, laka mai kyau. Ta mahaifiyata kuwa, wadda ta gada, ita ce ta ƙarshen ƙarshe a wutsiya, wadda ko akuya ba ta sha'awa. Sai ya zo ya same ta ya ce su yi musaya. Ta zaci zolaya ce irin ta wa da ƙanwa. Ya ce, "Mai rabo shi ya kamata ya sha a ƙarshe. In ruwa ya iso ni, na san ya bi ta kan kowa." Inna, matarsa, ta yi mako guda tana ba shi tuwo ba man shanu, amma bai canza ba. Waccan gona ta kai, ita nake nomawa yau, da ita nake ci da iyalina.

A farkon ranin nan wani jami'in ruwa ya zo da takarda, aka tara mu a gindin tsamiya. Ya ce gwamnati ta fito da sabon tsari na tattalin ruwa. An hana shinkafar rani. An hana jefa tiyon inji cikin dam. Ƙofa za a sa mata kwaɗo, kwana biyu kawai za a riƙa buɗewa a mako, kuma za a raba ruwa bisa takarda, gwargwadon girman gonar duk wanda sunansa ke rubuce. Ya ce nan gaba za a kawo tiyo mai ɗigo, wanda ke kai ruwa gindin shuka kawai. Wuri ya kaure. Ni ne na fi kowa ɗaga murya, na ce waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba sun zauna a ƙarƙashin fanka sun yanke mana abinci.

Kawu ya bari muka gama kumfar baki, sannan ya kwantar da gorarsa a ƙasa a tsakiyar taro. Ya ce, "Malamin nan bai yi ƙarya ba. In muka sha bana yadda muka sha bara, kafin albasa ta yi kai za mu ga gindin dam." Kowa ya san inda tsagar ƙarshe take. Daga nan ya juya ga jami'in.

"Malam, takardarka ta san gonar aro?"

"Sai wanda ya yi rajista, Baba."

"To akwai masu aro, akwai matan da mazansu suka mutu, gona tana da sunan wani. Kuma takardarka ba ta san laka da rairayi ba. Mun yarda da kwana biyunku, mun yarda da kwaɗonku. Ku bar mini rabon."

Jami'in mutumin kirki ne, ya yi ta kai da komo, daga baya ya dawo da mukulli ya damƙa wa Kawu, da sharaɗi. In aka fasa kwaɗo ko aka buɗe ƙofa a ranar da ba ta buɗewa ba, ko sau ɗaya ne, mukulli ya koma ofis, rabo ya koma kan takarda. In haka ta faru kuwa, su Baban Wutsiya sun fita daga rabo ke nan. Kawu ya raba kwanakin: Laraba ta 'yan kai, Lahadi ta 'yan wutsiya.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Wata Lahadi da rana tsaka, ruwan 'yan wutsiya yana wucewa ta gaban gonata, na duba albasata na ga ganyenta ya ɗan sunkuya. Ba kowa a kusa, zafi ya kori mutane inuwa. Na sa fartanya na ɓalle bakin fangali. Na ce ɗan kaɗan ne, ba wanda zai sani. Ranar ruwa bai isa gonaki biyu na ƙarshe sosai ba, ta Baban Wutsiya da ta Kawu. Da la'asar sai ga Kawu yana haurowa, yana durƙusawa a gonaki ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso tawa ya matse ƙasa, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsunsa. Ya ɗora mini ita a hannu.

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni mutum ne mai baki, kuma kunya takan juye mini ta zama faɗa. Na ce ya zama ɗan aiken ofis. Na ce ya fifita baƙo a kan jininsa. Har na ce, "In kana ganin ka yi asarar gonar nan ne, ka karɓi abinka."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ɗan nan, ba gona na zo karɓa ba. Na zo ne in ga ko ita ce take jin ƙishirwa." Ya goge hannunsa a wando ya juya.

Bai faɗa wa kowa ba, domin ya san in 'yan wutsiya suka ji, kwaɗon nan ba zai kwana lafiya ba. Ɗan ruwan da ya rage ya tura wa Baban Wutsiya, shi kuwa Kawu tattasansa na wannan karon ya ƙone. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Kullum ina cewa gobe zan je in durƙusa, har goben ta ƙare. Ban nemi gafararsa ba, kuma wannan abin yana cina fiye da mutuwar kanta.

To, Kawu ya rasu ranar Lahadi, ranar 'yan wutsiya, bayan sun yi mako guda cur suna jira. Da aka zo yi masa wanka aka cire rigarsa aka ninke, aka sa a ɗakinsa. Babban ɗansa, taubashina, wanda ke kasuwanci a Daura, ya ja ƙofa ya kulle, kamar yadda aka saba, don ba a taɓa kayan mamaci sai magada sun hallara. Mukullin ruwa yana cikin aljihun rigar. Kowa ya san yana can. Amma wa zai miƙe a kan tabarmar makoki ya ce a ba shi mukulli zai je ban ruwa? Sai a ce albasa ta fi masa mamaci. 'Yan wutsiya suka zauna tare da mu suna amsa "ya haƙuri," idonsu yana kan rana, kowa yana jiran wani ya fara. Fasa kwaɗo kuma ba hali. Haka Lahadi ta wuce, Litinin ta wuce, Talata aka yi sadakar uku.

Laraba da sassafe sai ga maƙwabcina da wasu 'yan kai a ƙofar gidana, suna cewa yau fa Laraba ce, ina mukulli. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce ni ma sai a ranar kunyar ta sake ni, da kwanan gonata ya zo. Na je na sami taubashina na ce mukullin ruwa ba gado ba ne. Idonsa ya yi ja don rashin barci, amma bai fasa halinsa ba. Ya ce, "Bawana, yau kuma kai ne malamin gado? Je ka tambayi Inna, in ta yarda ga ɗakin nan."

Na yi sallama na shiga. Inna tana zaune a tabarma cikin takaba, lulluɓe, da carbi a hannu. Na durƙusa daga nesa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye. Ta katse ni.

"Mukulli ka zo nema?"

"Shi ne, Inna."

"Tun Lahadi nake jiran wani ya yi sallama. Ina jin ku kuna karɓar gaisuwa, ni ina ƙirga kwanan wutsiya."

"Da kin aiko, Inna."

"In aika waje ranar da aka binne mijina in ce a tafi ban ruwa? Me za a ce da ni a garin nan?" Ta share ido da gefen mayafi. "Zazzaɓin nan yana kansa, ba abin da yake maimaitawa sai Lahadi ta wutsiya ce. Da shi ya cika."

Aka buɗe ɗaki, aka ɗauko rigar. Mukullin yana aljihu tare da ɓarin goro da ya bushe. Ta sa aka miƙo mini shi, ta ce in haɗa da gorar da ke jingine a bayan ƙofa. Na ce ban cancanta ba. Ta ce ita ba ta san wanda ya cancanta ba, ta dai san wanda ya yi sallama.

Na shiga ruwa na dasa gora a kan dutsen. Ruwan ya sauka ƙasa da tsagar Kawu ta bana, abin da ya rage zuwa gindin gorar bai fi taƙi ɗaya da ɗan wani abu ba. Na buɗe kwaɗo na murɗa ƙofa, 'yan kai suka ruga da fartanyoyi kowa ya tsaya a bakin fangalinsa. Na ce kada wanda ya buɗe, ruwan yau na wutsiya ne, mu sai Lahadi. Maƙwabcina ya ce wa ya naɗa ni, kuma Laraba tasu ce ko a gaban alƙali. Ban iya magana irin ta Kawu ba, sai na shiga gonarsa na durƙusa na tona. Ban san abin da zan tarar ba. Ƙasar ta dunƙule. Na ɗora masa ita a hannu, na wuce tawa na yi haka, ita ma ta dunƙule, na ɗaga kowa ya gani. Ya yi ƙwafa ya saɓa fartanyarsa, sauran suka bi shi suna gunaguni.

Na bi ruwan da ƙafa. Magudana ta bushe ta tsattsage, tana shanye rabi kafin ta bar rabi ya wuce. Duk gonar da na wuce a wutsiya, sai na ga mai ita a tsaye yana kallon abin da ya rage masa, wata rabi ta kwanta, wata fiye da haka. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Sai bayan azahar muka isa ƙarshe, ni da ruwan.

Nan na tarar da Baban Wutsiya. Yana tahowa daga wajen wata tsohuwar rijiya mai nisa, da sanda a kafaɗa, jarka biyu suna reto. Kafaɗar ta saɓule, ya tara tsumma a wurin. Gonar Kawu tana tsaye, ba ta yi kyau ba amma tana da rai, gindin kowane layi da alamar jiƙa. Tasa kuwa, da ke manne da ita, ta kwanta gaba ɗaya, ganyen ya yi fari kamar tsohuwar igiya. Ya sauke jarkokin, ya durƙusa, shi da a haife ya haife ni.

"Ya muka ji da haƙuri? A yafe mini, ban samu zuwa zama ba. Na ga in na zauna, ta marayu za ta mutu."

"Taka fa, Baba?"

"Ƙarfina bai kai gona biyu ba."

"Me ya hana ka zo ka yi magana?"

"Ni baƙo in shiga gidan makoki in ce ruwa?" Ya girgiza kai. "Ai ba a yi."

Na ɗauki fartanya na ɓalle bakin fangalinsa, ruwa ya fara shiga. Sai ya riƙe mini hannu. Ya durƙusa ya tuge albasa ɗaya ya nuna mini, saiwar ta bushe ƙayau. Ya ce, "Toshe, ɗana. Wannan ta gama shan ruwa. Tura wa ta marigayi, kada a yi ɓarna." Na toshe da hannuna, ina kuka kamar ba namiji mai iyali ba, shi kuma ya koma yana gyara wa ruwan hanya zuwa gonar Kawu.

Jami'in ruwa ya aiko cewa zai zo ranar Lahadi. Ban sani ba ko zai bar mana mukullin, ko zai ce wanda ya amince da shi ya tafi. In ya koma kan takarda, Baban Wutsiya da ire-irensa sun tashi, bayan asarar da kunyarmu ta ja musu. In ya bar mana, ban san ko taƙin ruwan nan zai kai mu cirar albasa ba. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Abin da na iya kawai, na gaya wa taubashina in an cire amfani su karɓi gonar kai, ni in koma wutsiya inda mahaifiyata ta fito. Ya ce bai taɓa ganin bawa ya zaɓar wa kansa wurin zama ba, amma bai ce a'a ba. Albasar da ke gonata kuma, rabinta na Baban Wutsiya ne, ko ya ƙi ko ya so.

Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa ya yafe mini nawa. Ka ba Inna haƙuri, Ka kawo mana damina kafin gorar nan ta taɓa busasshen dutse. In an zo shayar da bayinKa a gobe ƙiyama, Ka sa shi a sahun farko, domin a nan kullum shi ne na ƙarshen sha.